Awon Canje-Canjen Rubutun Manhaja a Rumbun Adana Sigogi

1.0 Gabatarwa

Duk wata manhaja da kwamfuta ko wayar hannu ke aiki da ita, asalinta rubutu ce. Mutane ne ke zama su rubuta umarce-umarce layi bayan layi cikin wani ƙagaggen harshe mai tsauraran ƙa'idojin nahawu, irin su C da Java da Python, sannan wata manhajar ta juya abin da suka rubuta zuwa abin da na'ura za ta iya aiwatarwa. Wannan shi ne za a riƙa kira rubutun manhaja a cikin wannan maƙala. Babban abin da ya raba shi da littafin da aka buga shi ne rashin tsayawa wuri guda. Muddin ana amfani da manhaja, to ana cikin gyaran rubutunta ke nan, ana ƙari, ana ragi, ana sauya wa sassa mazauni, kuma sau da yawa mutane masu ɗimbin yawa ne ke wannan aiki a kan rubutu guda tsawon shekaru.

Domin kada gyaran wani ya shafe na wani, kuma domin a iya komawa baya idan gyara ya zama ɓarna, sai aka ƙirƙiro wata ma'ajiya wadda ke riƙe kowace siga da rubutun ya taɓa ɗauka, tare da sunan wanda ya yi gyaran da ranar da ya yi shi. Ita ce za a kira rumbun adana sigogi, ko rumbu a taƙaice. Kowane gyara da marubuci ya kammala ya shigar cikin rumbun kuwa za a kira shi zubi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake auna canje-canjen da ke cikin irin wannan rumbu, da ire-iren ma'aunan da ake amfani da su, da kuma iyakar abin da za su iya nunawa. Za a ga cewa awon yana tsayawa ne ga siffar rubutu, ba ya kaiwa ga ma'ana. Saboda haka yana da amfani wajen gano sassan da ba su natsu ba, amma yana ɓatar da mai shi idan ya mayar da shi mizanin ƙwazon ma'aikata. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin harshe, domin sun daɗe suna fama da irinta wajen kwatanta kare-karen harshe da kwafe-kwafen rubutattun hannu.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Rumbunan Adana Sigogi

A shekarar 1972 ne Marc Rochkind ya samar da SCCS a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, wanda ake lissafa shi cikin na farko-farkon irin waɗannan tsare-tsare. Bayan shekara goma, wato a 1982, Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. Duka biyun fayil ɗai-ɗai suke kula da shi, kuma saboda tsadar wurin ajiya a wancan zamani, ba sa adana kowace siga ɗungurungum. RCS, alal misali, yakan ajiye siga ta ƙarshe cikakkiya, sannan ya ajiye bayanin abin da za a cire da abin da za a mayar idan ana son komawa ga sigogin baya.

Daga nan sai CVS, wanda Dick Grune ya fitar a ƙasar Holan a 1986, ya ba mutane da yawa damar yin aiki a kan tarin fayiloli lokaci guda. Subversion, wanda aka fara a shekarar 2000, ya zo da gyaran da ya sa ake ɗaukar canjin fayiloli da yawa a matsayin zubi guda. A watan Afrilu na 2005 kuma Linus Torvalds ya rubuta Git, bayan da masu aikin Linux suka rasa izinin amfani da BitKeeper kyauta. Git shi ne ya fi kowanne yaɗuwa a yau, kuma da shi za a riƙa ba da misali.

Akwai wani abu game da ƙirar Git da ya kamata a fahimta tun da wuri, domin a kansa sauran bayanin ya dogara. A Git, kowane zubi hoto ne na yadda dukkan fayiloli suke a wannan lokaci, haɗe da sunan marubuci, da kwanan wata, da ɗan bayanin dalilin gyaran, da kuma nuni zuwa ga zubin da ya gabace shi. Kowane zubi yana da lambar shaida, wadda a tsarin da aka saba take da alamomi 40, kuma daga abin da zubin ya ƙunsa ake lissafo ta. Ke nan babu inda aka rubuta cewa an canja layi kaza. Sai lokacin da wani ya tambaya ne ake ɗauko hotuna biyu a gwama su a fitar da bambancinsu. Wannan na nufin adadin canji sakamakon lissafi ne, kuma yana iya sauyawa idan aka sauya hanyar lissafin.

3.0 Yadda Ake Fitar da Bambanci

Manhajar da ta kafa harsashin wannan aiki ita ce diff, wadda Douglas McIlroy ya samar a tsarin Unix a 1974, kuma shi da James Hunt suka bayyana dabarar lissafinta a 1976. A 1986 Eugene Myers ya fito da wata dabarar mai sauri, wadda ita ce Git ke bi idan ba a umarce shi da wata ba. Tunanin da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne. Ana jera layukan tsohuwar siga da na sabuwa, a nemo mafi tsawon jerin layukan da suka zo a duka biyun bisa tsari guda. Duk layin tsohuwar siga da bai shiga wannan jeri ba, an cire shi ke nan, duk layin sabuwa da bai shiga ba kuma, an ƙara shi ke nan.

Mai nazarin harshe zai ga kamanci tsakanin wannan da ma'aunin da Vladimir Levenshtein ya gabatar a 1965, wanda ke ƙirga mafi ƙarancin sauyin da zai mayar da wata kalma wata. Tsakanin biyar ta Kananci da biyat ta Sakkwatanci, alal misali, sauyi ɗaya ne, wato musanya harafin ƙarshe. Brett Kessler ya yi amfani da wannan ma'auni a 1995 wajen kwatanta kare-karen harshen Gelik na ƙasar Ayalan. Sai dai akwai bambanci iri biyu. Na farko, diff layi yake ɗauka a matsayin ƙwayar awo, ba harafi ba. Na biyu, bai san musanya ba, cirewa da ƙarawa kawai ya sani. Dubi wannan misali, inda alamar ragi ke nuna tsohon layi, alamar ƙari ke nuna sabo:

(1)
− haraji = farashi * 5 / 100
+ haraji = farashi * 7.5 / 100

Abin da marubuci ya taɓa a (1) lamba guda ce, irin gyaran da masu manhajojin ciniki a Nijeriya suka buƙaci yi lokacin da harajin kayayyaki ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020. Amma a lissafin Git an cire layi ɗaya, an ƙara layi ɗaya. Da za a shafe layin baki ɗaya a rubuta wani umarni da ba shi da wata alaƙa da haraji, lissafin ba zai sauya ba.

Har ila yau, sau da yawa akan sami hanya fiye da ɗaya ta daidaita sigogi biyu, musamman idan layuka masu kama da juna suna maimaituwa. Git yana ba da zaɓin dabaru, daga ciki akwai myers da patience da histogram, kuma suna iya ba da adadi mabambanta a kan zubi guda. Wajibi ne mai bincike ya faɗi wadda ya bi, kamar yadda mai nazarin sauti ke faɗin tsarin rubutun sautin da ya yi amfani da shi.

4.0 Ire-Iren Ma'aunai

4.1 Girma da Yawan Zubi

Mafi sauƙin awo shi ne a ƙirga layukan rubutun a lokuta daban-daban a ga yadda yake girma. Zuciyar babbar manhajar Linux, wato sashen da ke sarrafa na'ura kai tsaye, misali ne mai kyau domin tarihinta a buɗe yake ga kowa. Sigar farko da Torvalds ya fitar a 1991 layi ne kimanin 10,000. Siga ta 1.0 ta watan Maris na 1994 ta kai layi 176,250. A farkon 2025 rubutun ya haura layi miliyan 40, kuma tun kafin ƙarshen 2021 yawan zubin da ke rumbunta na Git ya wuce miliyan ɗaya.

Irin wannan awo ne ya haifar da fagen nazarin sauyawar manhaja. Meir Lehman da László Belády sun bi diddigin fitowar OS/360 ta kamfanin IBM, kuma daga nan Lehman ya tsara wasu dokoki tun daga 1974. Biyu daga cikinsu sun fi shahara. Ta farko tana cewa manhajar da ake amfani da ita dole ta riƙa canjawa, in ba haka ba amfaninta ya riƙa raguwa. Ta biyu tana cewa duk sa'ad da take canjawa sarƙaƙiyarta na ƙaruwa, sai fa idan an yi aiki na musamman don rage ta. An zaci cewa wannan sarƙaƙiya za ta riƙa rage saurin girman manyan manhajoji, amma a shekarar 2000 Michael Godfrey da Qiang Tu na Jami'ar Waterloo ta Kanada suka nuna cewa saurin girman Linux ƙaruwa yake yi. Da suka rarraba rubutun sashe-sashe, sai suka tarar fiye da rabinsa na sarrafa na'urori ne iri-iri, waɗanda kowane ke zaman kansa. Darasin a nan shi ne jimla tana ɓoye inda girman yake aukuwa.

4.2 Jimlar Canji da Rarar Canji

Idan aka tara layukan da aka ƙara da waɗanda aka cire, an sami jimlar canji. Idan kuwa aka ɗebe waɗanda aka cire daga waɗanda aka ƙara, an sami rarar canji. Turawa na kiran na farkon churn, kalmar da asalinta kaɗa nono ce don fitar da mai. Umarnin git log tare da zaɓin numstat yana jero waɗannan lambobi biyu, na ƙari da na ragi, ga kowane fayil a kowane zubi. Bambancin ma'aunan biyu yana da muhimmanci. A ƙaddara an ƙara layi 900 an cire 900 a wani fayil cikin wata guda. Rarar canji sifiri ce, kamar ba a taɓa fayil ɗin ba, alhali jimlar canji 1,800 ce, abin da ke nuna ana ta rushewa ana sake gini.

4.3 Canji Gwargwadon Girma

Jimlar canji ita kaɗai ba ta isa ba, domin babban fayil ya fi ƙarami yawan abin taɓawa. A ƙaddara fayiloli biyu kamar haka:

(2)
a. Fayil mai layi 10,000, an canja 500, wato kashi 5 cikin ɗari.
b. Fayil mai layi 400, an canja 300, wato kashi 75 cikin ɗari.

Ta fuskar adadi (2a) ya fi, amma (2b) ne aka kusa sake wa rubutu gaba ɗaya. A 2005 Nachiappan Nagappan da Thomas Ball sun gwada wannan a kan Windows Server 2003 ta kamfanin Microsoft. Sun tarar cewa tsurar adadin canji ba ya hasashen yawan kurakurai da kyau, amma idan aka auna shi gwargwadon girman sashe da yawan fayiloli da tsawon lokacin da aka yi ana gyaran, yana iya rarrabe sassa masu yawan kuskure daga marasa shi da daidaito na kashi 89 cikin ɗari. Kafin su, a shekarar 2000, Todd Graves da abokan aikinsa sun nazarci manhajar wata na'urar haɗa layukan tarho, suka ga cewa yawan gyaran da aka yi wa sashe ya fi tsawonsa nuna inda kuskure zai ɓullo, kuma gyaran kwanan nan ya fi na daɗewa nauyi. Wannan shi ne amfani mafi inganci da aka samu ga waɗannan ma'aunai: suna nuna wa masu gwaji inda ya kamata su fara dubawa tun da lokaci ba ya isa a duba ko'ina.

4.4 Daɗewar Layi

Umarnin git blame yana nuna zubin ƙarshe da ya taɓa kowane layi na fayil. Idan aka maimaita wannan a shekaru daban-daban, ana iya gano kashi nawa na layukan da aka rubuta a wata shekara suka rage bayan shekara biyu ko biyar ko goma. Wannan ya yi kama da hanyar Morris Swadesh ta shekarun 1950, wadda ta ɗauka cewa harshe na riƙe kimanin kashi 86 cikin ɗari na jerin kalmomi 100 na asali a kowace shekara dubu. Sukar da Knut Bergsland da Hans Vogt suka yi wa wannan hanya a 1962, inda suka nuna cewa harshen Aisilan ya canja a hankali ƙwarai fiye da yadda lissafin ya tanada, ta shafi manhaja ma. Babu wani gudu guda da kowane rubutu ke canjawa da shi. Sashen da ke fuskantar masu amfani yakan sauya da sauri, sashen lissafi na can ciki kuwa yana iya shekara ashirin ba a taɓa shi ba, kuma rashin taɓawar na iya nufin inganci ko kuma tsoron taɓawa.

4.5 Canji Tare

Akwai fayilolin da ba su ambaci juna ba ko kaɗan, amma kusan duk zubin da ya taɓa ɗaya sai ya taɓa ɗayan. Harald Gall da abokan aikinsa sun jawo hankali ga wannan a 1998, kuma a 2004 Thomas Zimmermann da nasa abokan aikin suka gina manhajar da ke tunatar da marubuci cewa waɗanda suka gyara wannan wuri a baya sun gyara wancan ma. Wannan daidai yake da nazarin kalmomin da ke yawan zuwa tare a cikin tarin matani, inda yawan haɗuwa ke tona dangantakar da ƙamus bai faɗa ba.

5.0 Abubuwan da Ke Gurɓata Awo

5.1 Canjin Siffa

Tun da layi ake kwatantawa alama da alama, duk wani sauyi na siffa canji ne a wurin diff. Idan aka daidaita tazarar farkon layuka, ko aka sauya alamar ƙarshen layi daga ta Windows zuwa ta Unix, fayil zai bayyana kamar an sake rubuta shi daga farko har ƙarshe, alhali na'ura ba za ta ga wani bambanci ba. Akwai zaɓin da ke sa Git ya kau da kai daga tazara, kuma tun daga 2019 ana iya gaya wa git blame ya tsallake wasu zubi da aka san na kwalliya ne kawai. Haka kuma fayilolin da na'ura ce ke fitar da su, da rubutun da aka ɗebo daga wani wuri aka zuba, suna kumbura lissafi idan ba a ware su ba.

5.2 Sauya Suna da Mazauni

Git ba ya rubuta cewa an sauya wa fayil suna. Yana hasashen haka ne idan ya ga wani fayil ya ɓace wani ya bayyana, kuma kamancinsu ya kai kashi 50 cikin ɗari, wanda shi ne mizanin da aka saita masa. Idan an sauya suna an kuma yi gyara mai yawa a zubi guda, tarihin fayil ɗin ya yanke ke nan, sai a lissafa tsohon a matsayin wanda aka shafe, sabon kuma a matsayin sabon aiki.

5.3 Farkon Tarihi, Suna da Lokaci

Ranar 16 ga Afrilu, 2005, Torvalds ya buɗe rumbun Linux na Git da zubi guda mai fayil 17,291 da layi fiye da miliyan 6.7, bai shigo da tarihin shekarun baya ba. Duk wanda ya yi lissafi ido rufe zai ɗauka mutum ɗaya ne ya rubuta wannan duka a yini guda, alhali aikin jama'a ne masu yawa tun daga 1991. Bugu da ƙari, mutum guda na iya bayyana da sunaye ko adireshi daban-daban, sai an haɗe su ta fayil na musamman da ake kira mailmap. Kowane zubi kuma yana da kwanan wata biyu, na ranar rubutawa da na ranar shigarwa, waɗanda kan yi nisa da juna. Sannan wasu ƙungiyoyi na dunƙule gyare-gyare ashirin su zama zubi ɗaya, wasu na barin su a rarrabe, don haka yawan zubi a rumbuna biyu ba ya kwatantuwa sai an san al'adar kowanne.

5.4 Ma'ana

Wannan ita ce babbar matsala. A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran wani kuskure a manhajar da ke tantance amincin sadarwa a na'urorinsa. Asalin kuskuren layi ɗaya ne da aka maimaita, mai ɗauke da kalmomi biyu, goto fail, wanda ya sa na'ura ke tsallake wani muhimmin mataki na bincike. A ma'aunin layi abu ne da ba ya ko kai a lura da shi, amma ya shafi miliyoyin mutane. An yi ƙoƙarin matsawa kusa da ma'ana ta hanyar kwatanta bishiyar li'irabin rubutun a maimakon layukansa, kamar yadda ChangeDistiller na 2007 da GumTree na 2014 ke yi, kuma waɗannan na iya gane cewa ɗauke wani sashe aka yi aka sauya masa wuri. Duk da haka a ginin jumla suka tsaya. Tun a 1953 Henry Rice ya buga hujjar lissafi wadda daga cikin abin da ta haifar akwai cewa babu wata dabara gama-gari da za ta iya yanke hukunci a kowane hali ko manhajoji biyu aiki ɗaya suke yi. Ke nan giɓin da ke tsakanin siffa da ma'ana ba na rashin kayan aiki ba ne da za a jira lokaci ya cike shi.

6.0 Auna Rubutu ko Auna Marubuci

Saboda sauƙin samun waɗannan alƙaluma, shugabannin ma'aikatu kan jarabtu da yin amfani da su wajen tantance ma'aikata. Akwai sanannen labari daga kamfanin Apple na shekarar 1982, lokacin da aka buƙaci kowane marubuci ya riƙa cike takarda duk mako yana faɗin layi nawa ya rubuta. Bill Atkinson ya sake tsara wani sashe na manhajar zane, ya sa ya ƙara sauri ninkin-ba-ninkin, ya kuma rage masa layi kimanin 2,000. Da ya zo cike takardar sai ya rubuta 2,000 da alamar ragi a gabanta. A 1988 Edsger Dijkstra ya ba da shawarar a riƙa ɗaukar layuka a matsayin abin da aka kashe, ba abin da aka samar ba, tun da kowane layi sai an karanta shi, an gwada shi, an kula da shi har ƙarshen rayuwar manhajar.

Illar ba ta tsaya ga rashin adalci ga irin su Atkinson ba. Masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura a 1975 cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake hukunci da shi. Idan ƙarin girma ya rataya ga yawan layi, marubuta za su tsawaita rubutu. Idan ya rataya ga yawan zubi, za su daddatsa aiki guda gida goma. A ƙarshe rumbun da ake dogara da shi wajen gano inda kuskure yake ya gurɓace. Kuma akwai ayyuka masu nauyi da ba sa barin sawu a rumbu ko kaɗan, kamar duba aikin wani, da koyar da sabon ma'aikaci, da hana a rubuta abin da bai kamata a rubuta ba.

7.0 Dangantaka da Aikin Masu Nazarin Harshe

Git bai damu da ko rubutun manhaja ne ko na harshen ɗan'adam ba, shi ya sa yanzu ake adana tarin matani da ƙamusoshi a cikinsa. Shirin Universal Dependencies, wanda ke tattara jumlolin da aka yi wa li'irabi daga harsuna da yawa, ciki har da Hausa da Yarabanci da Fijin na Nijeriya, yana ajiye kowane tari a rumbunsa a dandalin GitHub. Tsarin fayilolinsa kalma ɗaya ce a kowane layi, don haka ƙirga layukan da suka canja ya yi kusa da ƙirga kalmomin da aka gyara wa li'irabi. Wanda ya zuba sakin layi guda a layi ɗaya kuwa, gyaran waƙafi zai bayyana masa kamar sake rubuta sakin layin duka, sai ya nemi Git ya kwatanta kalma da kalma.

Haruffa masu lanƙwasa da alamomin karin sauti na da tasu matsalar. A tsarin UTF-8 harafin k bayit ɗaya ne, ƙ kuwa biyu. Tarihin shafukan Wikipedia da bayit yake auna canji, saboda haka:

(3)
a. kasa zuwa ƙasa: ƙarin bayit ɗaya, ma'ana ta sauya.
b. k'asa zuwa ƙasa: girma bai sauya ba, ma'ana ba ta sauya ba.
c. gari zuwa gara: girma bai sauya ba, ma'ana ta sauya.

Haka nan wasali mai alamar karin sauti, kamar à, ana iya shigar da shi a matsayin alama guda ko kuma harafi da alamar da ke hawa kansa. A ido ɗaya suke, a wurin diff kuwa daban suke. Saboda haka ya kyautu a daidaita ƙa'idojin rubutu a zubi na musamman, a bayyana shi a fili, kada a gauraya shi da gyaran ma'ana.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa rumbun adana sigogi yana riƙe hotunan rubutu ne, kuma adadin canji ana lissafo shi ne ta gwama layuka, bisa dabarar da mai awo ya zaɓa. An ga ma'aunai biyar, wato girma, da jimlar canji da rararsa, da canji gwargwadon girma, da daɗewar layi, da canji tare, kuma an ga cewa binciken da aka yi a kan manyan manhajoji ya tabbatar da amfaninsu wajen nuna sassan da suka fi buƙatar dubawa. An kuma ga cewa canjin siffa da sauya suna da al'adar zubi na gurɓata su, kuma ma'ana ta fi ƙarfinsu. Abin da ya wajaba ga mai bincike, na manhaja ne ko na harshe, shi ne ya faɗi ƙwayar awonsa da dabararsa da abin da ya ware, sannan idan alƙaluma suka nuna masa wani wuri, ya buɗe rubutun ya karanta kafin ya yanke hukunci.